Gaisuwar da Na Riƙe a Kasuwar Wuse

Na haye shekara arba'in lokacin da na ajiye aikin banki na koma makaranta. A shekarun nan Abuja tana tashe. Sojoji sun koma bariki, wayar salula ta shiga hannun kowa, duk inda ka waiwaya gini ne ke tasowa, bankuna kuwa sai buɗe rassa suke yi kamar masu shayi. Ni ce mataimakiyar manaja a wani reshe da ke dab da kasuwar Wuse. Banki ya ba ni mota, ofishina da sanyi, manyan 'yan kasuwa kuma in sun shigo ba sa bin layi, kai tsaye wurina suke zuwa. Hajiya Manaja suke ce mini, ko da yake ban kai manajar ba, ban kuma taɓa gyara musu ba.

Abin ya faro ne a hanyar Kubwa, inda gidanmu yake. Wata safiya ina cikin cunkoson motoci, na ji zuciyata tana bugawa kamar za ta fasa ƙirjina, hannuwana suka mutu a kan sitiyari, numfashi ya ƙi shiga. Na yi kalmar shahada, don na ɗauka tafiyar ce ta zo. Da ƙyar na gangara gefen titi. Aka yi ta aune-aune a asibiti, ba a ga komai ba. Abin ya sake dawowa, ya kuma sake. Daga ƙarshe likitan ya ce lafiyar zuciyata ƙalau, ya tura ni wani ɗaki a ƙarshen baranda, wurin wata mata da ba ta ba da magani, magana kawai ake yi da ita.

Da babban mayafi nake zuwa wurinta, in ja shi har kan hanci. A ofis kuwa na ce haƙori ke damuna. Haƙorin nan ya daɗe yana ciwo. Amma matar ta taimake ni. Ta koya mini abin da ke faruwa a jikina idan abin ya taso, ta kuma saurari maganganun da ban taɓa faɗa wa kowa ba. A ɗakinta ne na tuna cewa digirina na farko a Zariya a kan ilimin halayyar ɗan Adam na yi shi. Karatun lauya na nema ban samu ba, aka jefa ni can, na gama na tura takardar ƙasan akwati na bi banki kamar kowa. Sannu a hankali na fara jin cewa kujerar matar nan nake so, ba ta manaja ba.

Ranar da na gaya wa maigidana, wanda ke aiki a wata ma'aikatar tarayya, cewa zan bar banki in koma makaranta, yana cikin cin abinci ne. Bai hana ni ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, me za mu ce wa mutane?"

Mahaifiyata a Zariya ba ta yi zagaye-zagaye ba. Ta ce a waya, "Wato ki bar kujerar da Allah Ya ba ki, ki je kina hira da mahaukata? Ko wani ne ya sa miki hannu?" Na yi mata bayani iya iyawata. Bayan haka duk wanda ya tambaye ta labarina sai ta ce ina hutawa ne.

Ba zan ga laifinta ba, don ni ma abin da nake yi ke nan. A wurin biki ko suna in aka ce, "Yanzu ina kike?" sai in ce ina ƙaro karatu. In aka ce na me, sai in ce harkar lafiya, in yi maza in tambayi lafiyar yara. Banki ya karɓe motarsa, na koma shiga bas daga Kubwa tare da masinjoji da 'yan bautar ƙasa. Wata rana ina tsaye a bakin titi da jakar littattafai, wata yarinya da na koya wa aiki da hannuna ta taka birki a gabana, ta sauke gilashi ta ce, "Madam! Motar ce ta lalace?" Na ce eh. Ta rage mini hanya, ni kuma tun daga nan har na sauka ina ƙirƙiro wa motar da ba ni da ita cututtuka.

A aji 'yan uwan karatuna Momi suke kirana. Ranar farko malamin da ya shigo ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko ɗiyata nake jira. Karatun kansa bai ba ni wuya ba, lissafin da ke sa yaran kuka ma ni wasa ne a wurina. Inda na sha kashi shi ne da aka tura mu wani asibitin gwamnati koyon aiki a aikace.

Wadda aka ɗora ni a hannunta 'yar Kwali ce, Bagwariya, ta girme ni a aiki nesa ba kusa ba, na girme ta a haihuwa. Dakta nake ce mata, ita kuma tana ce mini Anti. Hausarta irin ta Abuja ce, mace da namiji duk ɗaya, amma ba ta taɓa rasa kalmar da take nema ba. Da farko zama kawai nake yi a gefe ina kallon yadda take yi da marasa lafiya, in sun yarda. Daga baya ta fara bari in yi wasu tambayoyin. Nan halin banki ya fito. Mutum bai gama faɗin damuwarsa ba na jero masa mafita. In ya yi shiru sai in ji kamar ƙasa za ta haɗiye ni, in yi sauri in cike wurin da surutu.

Wata rana bayan mara lafiya ya fita, Dakta ta rufe ƙofa ta ce, "Anti, mutumin nan ba akawunt ya zo buɗewa ba. Ki bar shi ya yi shirunsa. Shirun ma magana ne yake yi." Na ce to. Na shiga banɗaki na wanke fuskata. Ni da nake tsawata wa ma'aikata su yi tsit, yau ga ni ana koya mini rufe baki.

Ana cikin haka ne wani Alhaji ya zo. Na sauya wasu abubuwa game da shi a nan don kada a gane shi. Mai sayar da atamfa da leshi ne a kasuwar Wuse, mutumin Katsina, dattijo mai fara'a, kuma tsohon kwastomana a banki. Shekara da shekaru a wurinsa nake sayen kayan Sallah, in na je kuwa sai ya sa an kawo mini kujera da lemo mai sanyi kafin a fara ciniki. Na ji labarin cewa ya yi hatsari a hanyar Kaduna, shi ke tuƙi, ƙanensa ya rasu a motar. Ban san cewa tun daga lokacin barci ya ƙaurace masa ba, ko cewa ba ya iya shiga mota sai gumi ya jiƙa shi.

Matarsa ce ta fara shigowa, shi yana biye. Ya rame ƙwarai, hularsa har ta yi masa yawa. Ya ɗaga kai zai gaida Dakta, sai idonsa ya faɗa a kaina, ina zaune a gefe da farar riga.

Ya ce, "Hajiya Manaja?"

Na ce, "Alhaji, ina kwana."

Ya dubi ƙofa, ya dube ni. "Banki ne ya turo ki?"

Na ce a'a, na bar banki, karatu nake yi a nan. Ban san wanda ya fi wani jin kunya ba tsakanina da shi. Ni ina ganin ya same ni ɗaliba, ina zaune a kujerar roba kamar 'yar aike. Shi kuma yana ganin na same shi a ɗakin da babu dattijon da ke son a gan shi a ciki.

Dakta ta gane abin da ake ciki. Ta ce masa ni mai koyon aiki ce, duk abin da aka faɗa a ɗakin nan a nan yake tsayawa, amma in bai so in zauna ba, hakkinsa ne. Ya sunkuyar da kai yana murza carbi, can ya ce a hankali, "Da dai ta ɗan ba mu wuri."

Na fito. Babu inda zan je, sai na zauna a kan bencin masu jira, na cire farar rigar na ninke ta a cinya don zafi. Wata mata da ke kusa da ni, da kati a hannunta, ta matso ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Ke tun yaushe naki ya fara?"

Kafin ta rufe baki na ce, "A'a, ni ma'aikaciya ce." Da ƙarfi na faɗa, har na kusa da mu suka waiwayo. Ta ce in yi haƙuri, ta ja jikinta ta koma inda take. Na zauna ina kallon ƙafafuna. Tambayar kirki ta yi mini, kuma ina da amsarta, don na san safiyar da nawa ya fara. Amma na ture ta kamar ta zage ni.

Bayan sun tafi Dakta ta ce tunda na san shi, ba zan sa hannu a lamarinsa ba, ba kuma za ta gaya mini komai a kai ba. Sannan ta tuna mini ƙa'idar da muka karanta: in ka haɗu da mara lafiya a waje, ba kai za ka fara nuna ka san shi ba. Ka bar masa zaɓi. Dalilin shi ne kada wanda ke tare da shi ya ce, ina ka san wannan? Na riƙe maganar da kyau. A lokacin ina tsoron kuskure ƙwarai, duk abin da aka ce ƙa'ida ce sai in rungume shi da hannu biyu.

Azumi ya zo, aka shiga hidimar kayan Sallah. Ƙanwar maigidana, wadda ke zaune tare da mu, ta matsa sai mun je Wuse. Na so mu bi wani layin, ita kuwa ta riga ta kutsa layin 'yan atamfa. Ga Alhaji can zaune a ƙofar shagonsa, maƙwabtansa biyu suna gefensa. Muka haɗa ido tun daga nesa.

Na rage tafiya ina jira ya yi magana. Shi kuma yana jira in yi sallama, don mai tafiya ke gaida na zaune, balle mace da ta zo layinsa, balle dattijo. Na zo daidai shagon. Bakina ya buɗe, ƙa'ida ta rufe shi. Na kawar da kai ina kallon wani leshi a shagon gaba, na wuce.

Na ji ɗaya daga cikin maƙwabtan ya ce, "Alhaji, ba manajarku ba ce ta wuce?" Ban ji amsar da ya ba shi ba. Ƙanwar maigidana ta kamo gefen mayafina ta ce, "Anti, ba a wurinsa kike sayen kaya ba? Faɗa kuka yi?" Na ce mata sauri nake yi. Muka sayi atamfa a wani shago, ko kallon zanen ban yi ba. A bas ina ta gaya wa kaina na yi daidai, haka littafi ya ce, amma cikina bai yarda ba.

Ba a daɗe ba Dakta ta kira ni ofishinta. Ta ce za ta gaya mini abin da ya shafe ni kawai. Alhaji ya daina zuwa. Matarsa ce ta zo ita kaɗai, ta ce ya rantse ba zai sake taka asibitin ba. Wai ya ce ya zama mutumin da ake gani a kawar da kai. Manaja da ta sha lemo a shagonsa ta gan shi ta yi kamar ba ta san shi ba, saboda ta san inda yake zuwa. In ita da ta yi karatun abin ta guje shi, ina ga sauran mutane in suka ji?

Na ce, "Dakta, ke kika ce kada in fara."

Ta ce, "Ni ya faɗa, gaskiya ne. Rabin magana na ba ki. Amma Anti, duk layin nan sun san ya san ki a banki. Wa zai tambaya ina ya san ki? Gaisuwa ba zai tona komai ba. Rashin gaisuwa ne ya sa mutane tambaya."

Sai a lokacin na ga abin fili. Ƙa'idar an yi ta ne don a rufa wa mutum asiri, ni kuwa na ɗauke ta na tsaya a bayanta. Yarinya 'yar firamare a Zariya ta san ba a wuce dattijo a ƙofar shagonsa. Na bar aiki, na bar mota, na jure surutun dangi don in koyi yadda ake zama da mutane cikin damuwarsu, ga shi abin da na sani tun ina goye ya kuɓuce mini. Hawaye suka zo, na kasa tsayar da su a gaban wadda na girma. Ta turo mini kwalin tishu irin wanda take tura wa marasa lafiya.

Na ce zan je in ba shi haƙuri, in yi masa bayani. Ta ce a'a, kasuwa ba wurin wannan bayanin ba ne, ita za ta yi wa matarsa, ta kuma gaya mata kuskuren daga wurinmu yake. "Ke dai ki je ki sayi zane. Ki gaishe shi yadda kin saba."

Na koma Wuse ni kaɗai, ana saura 'yan kwanaki Sallah. Layin ya cika maƙil. Na isa shagonsa na yi sallama da murya sosai, na ce, "Alhaji, ina wuni? Ya ibada? Ya kasuwa?"

Ya amsa sallamar, bai ɗago ba. Ya ce, "Lafiya lau, Hajiya." Babu Manaja. Na ce atamfa nake so ta mahaifiyata, mai duhu-duhu, ba mai hayaniya ba. Ya miƙe da kansa ya fara sauko da turame yana shimfiɗawa. Bai ce a kawo kujera ba, na tsaya a tsaye.

Maƙwabcin nan da ya yi magana rannan ya leƙo. "Hajiya Manaja, kwana biyu! An ce kin bar banki?"

Na ce na bari, na koma makaranta.

"Ikon Allah. Karatun me kuma?"

Amsar da na saba bayarwa tana kan harshena. Amma Alhaji yana tsaye a gabana, hannunsa a kan atamfa, ya daina motsi. Na san in na ce harkar lafiya na shanye sauran, zai ji, zai kuma gane cewa wurin da ya je neman taimako wuri ne da ni kaina ba na iya ambata. Na ce ina koyon aikin taimaka wa masu damuwa da firgici da rashin barci, ta hanyar magana, a sashen ƙwaƙwalwa na asibiti.

Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya. "Wato likitar mahaukata! Daga ƙirga kuɗi?"

Ni ma na yi 'yar dariya. Ban so ba, fitowa ta yi, irin dariyar da mutum ke yi don a bar shi. Har yau in na tuna ta sai kunya ta kama ni.

Alhaji ne ya ce, ba tare da ya dubi ɗayanmu ba, "Kai, bar ta. Aiki ne." Ya zaro wani turmi ruwan ƙasa mai ƙananan ganye ya ce wannan zai dace da tsohuwa. Na saya ban taya ba. Da zan tafi ya ce in gaida maigida.

Bayan Sallah na lura Dakta ta sauya mini ranakun zuwa, ta cire ni daga wata safiya ba tare da ta ce don me ba. Ban tambaya ba, amma na yi zaton Alhaji ne ya dawo. Ban san yadda jinyarsa ta kasance ba, ba kuma hurumina ba ne in sani. Na ci gaba da sayen kaya a wurinsa har ya bar wa 'ya'yansa shagon ya koma gida. Muna gaisawa, muna ciniki, ba mu taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya.

Na gama karatun, na samu aiki a wani asibiti a nan Abuja, albashin bai kama ƙafar na banki ba. Garin nan yana da girma a ido, amma mu 'yan Arewa da ke cikinsa a masallatai ɗaya muke haɗuwa, da bukukuwa ɗaya, da kasuwa ɗaya. Don haka duk wanda ya zauna a gabana karo na farko, kafin mu rabu nakan tambaye shi: in mun haɗu a waje, yaya kake so mu yi? Wasu sukan ce in wuce kamar ban gan su ba, kuma ina wucewa. Wani babban ma'aikaci ya ce in ɗaga masa hannu daga nesa ya isa. Wata tsohuwa da 'yarta ta kawo daga Kubwa ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce, "Ki gaishe ni mana, 'yar nan. Ki tambayi jikokina, ki tambayi ƙafata. Barcina ne kawai ba za ki tambaya a gaban mutane ba."